Yadda Na Kai Duna Rugar Baffa Gidado

Duk wadda ta zo Kano daga Dutse ta biyo gaishe ni, da an gama gaisuwa tambayar ɗaya ce. Malama Asabe ta yi ta, Maman Fati maƙwabciyata ta yi ta, har matar limanmu na unguwar Yalwawa ta yi saƙo a tambaye ni wai da gaske ne an gan ni a bayan akori-kura da kare a cinya. Kowacce na ba ta guntu, kowacce kuma ta ƙara nata gishirin kafin ta kai gaba. To ga shi yau gaba ɗaya, ku huta ni ma in huta. A cinya dai ba gaskiya ba ne. A gefena yake.

Sunansa Duna. Maigidana, Baban Ummi, Allah ya jiƙansa, malamin dabbobi ne, Bafulatani ne da karatun boko ya fito da shi daga ruga. Shi ya zo da Duna yana ɗan kwikwiyo a cikin kwali, daga rugar yayansa da ke bayan Miga, lokacin da muka tare a Yalwawa. Gidanmu ne na ƙarshe a layin, bayanmu sai gonaki da duwatsu. Ni 'yar birni ce, a gidanmu kare abin jifa ne, don haka na ce ko tsakar gida ba zai taka mini ba. Bai kuwa taɓa takawa ba. A zaure ya girma, shi da awaki da 'yata Ummi.

Da Baban Ummi ya rasu, bayan 'yan zaman makoki sun watse, ni da yarinya muka rage a gidan. Duk watannin takaba, in na kulle ƙofa, Duna zai zo ya kwanta a jikinta ta waje. Ba ya haushi, ba ya komai, numfashinsa kawai nake ji, kuma da shi nake samun barci. Ban san ranar da na fara yi masa magana ba.

Da na fita takaba Yaya Sani, wanda nake bi, ya zo daga Kano ya ce in tattara. Ya nema mini canjin makarantar da nake koyarwa, ya ware mana ɗaki.

"Ki zo da 'yarki da kayanki, Rabi," ya ce. "Amma ban da karen nan. Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya muke da mutane. Kuma kin san yadda gari yake yanzu."

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, kowa yana sa ido a kan kowa. Ban ga laifinsa ba.

Wani mafarauci ya zo ya ce a ba shi. Na dubi karnukan da ke bayansa, haƙarƙari a waje, kunnuwa a yayyage, na ce ya yi haƙuri. Wani maƙwabci ya ce a kai shi bayan duwatsu a sake shi, in ya ga dama ya rayu. Ummi tana jin wannan ta tashi ta shige ɗaki, ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Motar kaya kuma ranar Asabar za ta zo. Sai na ce zan mayar da shi inda aka ɗauko shi. Na bar Ummi wajen Maman Fati, na ɗaura masa igiyar akuya a wuya, muka kama hanyar tasha da sassafe ranar Laraba.

A tasha na san na ɗauko aiki. 'Yan kamasho suna hango mace da hijabi tana jan kare suka fara dariya, wani har da tafi. Direban bas na farko ko saurarona bai yi ba. Na biyu ya ce in zan yarda a sa shi a buhu a ɗaure bisa kaya, to. Na uku ya ce, "Malama, in ya lashi fasinja wa zai wanke masa riga?" Hantsi ya dubi ludayi ina tsaye a gindin darbejiya, Duna ya lafe a ƙafata yana rawar jiki saboda ƙarar motoci.

Wani dattijo ne ya ƙaraso yana goge hannu da tsumma. Malam Iro sunansa, yana da akori-kura, zai kai gishiri da kananzir Miga.

"Na wa ne?" ya tambaya.

"Na marigayi maigidana ne."

Ya dube ni, ya dubi karen. "Gaba akwai maza, kuma yanzu ba a haɗawa. In za ki iya zama a baya kan buhu, bismillah."

Haka muka hau. Kafin mu kai Kiyawa Duna ya yi amai har ya galabaita, bai taɓa shiga mota ba tun zuwansa a kwali. Ina riƙe da igiya da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ƙarfen mota, garewanin kananzir suna bugun bayana.

Bayan Kiyawa akwai shinge. Wani mai kaki ya zagayo baya ya ɗora hannu a kan buhu zai leƙa. Duna ya miƙe ya yi wani gurnani da ban taɓa jin irinsa ba. Mutumin ya yi tsalle baya, bindigarsa ta juyo ta kalle mu.

"Riƙe shi! Riƙe shi ko in fasa masa kai!"

Na ja igiyar har ta ci mini tafin hannu, na rufa wa Duna gefen hijabina a fuska. Ina jin zuciyarsa tana bugawa a gwiwata. Malam Iro ya sauko da sauri yana "Haba ofisa, haba ofisa," ya ja shi gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da muka wuce ya leƙo ta taga ya ce mini, "Malama, in kin ga shinge ki kwantar da shi tun daga nesa." Na ce to.

A Jahun muka yi sallar azahar, na sayi ƙosai muka raba da Duna a bayan mota inda ba mai ganinmu. Daga nan hanya ta lalace. Damina ce, ruwa ya cinye gefen titi, motar tana tafe tana rangaji kamar tsohuwa. Wajen la'asar, dab da wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, na hango ungulaye a bakin kwalbati. Da muka matso na ga abin da suke ci. Karnuka ne, a jibge, wasu ma da igiya a wuyansu. Ban gama fahimtar abin da na gani ba na ji ƙara a ƙarƙashin mota, ta karkata, ta tsaya. Sifirin taya ya karye, a daidai bakin masallacin garin.

Malam Iro ya shiga ƙarƙashin mota. Ni kuma na ce bari mu sauka ƙafata ta sake. Da na sani da ban sauko da shi ba. Wata mata mai tallan gyaɗa ta ƙwalla ihu, "Kare! Ga wani nan!" Kafin in juya samari sun fito ta kowane lungu, masu gora, masu fartanya, wani da taɓarya. Na ja da baya har bayana ya bugi motar. Duna ya shige tsakanin ƙafafuna da taya.

"Matsa, Hajiya."

"Nawa ne. Ba na garin nan ba ne, wucewa muke yi."

"Wancan ma wucewa yake yi," in ji wani mutum da ya ratso tsakiyarsu. Ba saurayi ba ne, magidanci ne, idanunsa sun yi ja, muryarsa ta dushe. "Shekaranjiya baƙon kare ya shigo, baƙi irin wannan, ya kama mini 'ya a ƙafa tana dawowa daga rijiya. Mahaukaci ne. Mun kashe namu na gida da hannunmu, sai naki za mu bari?"

Dutse na farko ya bugi ƙofar mota. Na biyu ya same ni a idon sawu. Duna ya fara haushi, yawu yana zuba daga bakinsa saboda zafi da amai, sai aka ɗauka gaba ɗaya, "Ga shi nan, yana dalala! Shi ma ya kamu!" Malam Iro ya fito daga ƙarƙashin mota da sifana a hannu ya tsaya a gabana, amma shi kaɗai ne, kuma dattijo. Ni dai na tsuguna na rungume wuyan Duna, abin da ban taɓa yi ba tun da yake, na ce duk wanda zai doke shi sai dai ya fara da ni. Ban ma san ko sun ji ba.

Allah ya sa an idar da salla. Mai unguwa ya fito daga masallaci, tsoho siriri da sanda. Bai ɗaga murya ba, ya ce a dakata, aka dakata. Ya saurari uban yarinyar, ya saurare ni, sannan ya ce, "A kawo ruwa. Mahaukacin kare ba ya shan ruwa. In ya sha, baƙo ne, a bar shi ya wuce. In ya ƙi, Malama, sai ki yi haƙuri ki kau da kai."

Baban Ummi ya taɓa gaya mini wannan gwajin ba shi da tabbas.

Aka kawo ruwa a fasasshiyar ƙwarya, aka tura ta da ƙafa. Duna ya dube ta, ya dubi gororin da suka kewaye mu, ya ƙara shigewa ƙarƙashin mota. Na kira shi a hankali. Na matsar da ƙwaryar. Ya kau da kai. Sai na ji ana gyara riƙon sanda.

"An gani ai," in ji uban yarinyar.

"A ba ni dama ɗaya, Baba," na ce wa mai unguwa.

Na tsoma hannuwana biyu a ƙwaryar na ɗebo ruwa, na kai masa har baki. Ruwan yana zurarewa ta tsakanin yatsuna. Na sake ɗebowa. Na ce, "Duna, sha mana. Don Allah sha." Ya shinshina. Sai na ji harshensa a tafin hannuna, da ɗumi, yana lasa yana lasa. Na sake ɗebowa ya shanye. Daga nan ya sa kai a ƙwaryar da kansa, ana jin ƙarar shansa har bakin masallaci.

Wata mata ta ce, "Innalillahi, a hannunta!" Wani ya yi tsaki. Mai unguwa ya ce, "To ya sha. Kowa ya kama gabansa." Suka fara watsewa ba don sun so ba. Uban yarinyar ne ya rage, yana tsaye, gorar tana lilo a hannunsa. Ya daɗe yana kallon Duna, sannan ya juya ya tafi. Na nemi ƙasa mai tsabta da buta na wanke hannuna yadda aka koya mana.

Motar ba za ta gyaru a ranar ba. Mai unguwa ya haɗa ni da yayarsa, Gwaggo Hansai, ya ce a kulle karen a tsohon ɗakin tumaki, kuma kada rana ta fito ta same shi a garin.

Gwaggo Hansai tsohuwa ce mai faɗa da kirki a haɗe. Tana shimfiɗa mini tabarma tana cewa, "Ku mutanen Dutse abin naku ya yi yawa. Mace da karatunta ta zauna tana lallashin kare." Sannan ta ɗebo ƙanzo ta jiƙa ta ce in kai masa, kada ya kwana da yunwa a gidanta a ce ta yi rowa. Su can tun kafin magariba ake cin tuwo, ba kamar mu da sai an yi isha'i ba. Tuwon gero ne da miyar kuka, amma an zuba mata busasshen kifi har ya fi kukar yawa. Komai nasu da kifi. Kuma ba a barin baƙuwa ta ci ita kaɗai, matan gida duk suka zagaye akushin, kowacce tana turo mini ɓangaren da ya fi miya, suna satar kallon hannuna.

Na ce a kai ni in duba yarinyar. Ba ta kai Ummi ba. Tana kwance, an shafe ƙafar da wani baƙin magani an ɗaure da tsumma, uwarta tana yi mata fifita. Yarinyar ta yi mini murmushi. Na san abin da ciwon nan yake yi in aka bar shi ya kwana biyu. Na ce wa uwar akwai allurar da ake yi a asibiti, kuma ba a jira sai an ga alama. Ta ce sai abin da malam ya ce. Malam ɗin yana zaune a ƙofar ɗaki, shi ne mai gorar ɗazu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na sha ji a bakin maigidana. Bai dai kore ni ba. Da na koma na roƙi Malam Iro, ya ce in ya sauke kaya a Miga zai biyo ta nan, in sun yarda ya kai su Jahun.

Ana idar da asuba muka bar garin, an ɗaure sifirin da igiyar roba da wani guntun katako. A Miga Malam Iro ya sauke ni a bakin kasuwa. Na yi masa godiya har na rasa abin faɗa, ya ce, "Ki dai gaishe da mutanen ruga." Wani mai shago ya nuna mini hanyar mashigi, ya ce rugar Gidado tana ƙetare, ruwa ya raba su da gari tun farkon damina.

Ban taɓa shiga kwale-kwale ba. Ruwan ja ne, yana tafe da ciyayi da rassa. Mai kwale-kwalen ya ce ni zai ɗauka, amma kare sai dai ya yi iyo, don akwai mata masu ƙwaryar nono a ciki kuma in ya yi tsalle duk mun kife. Na zauna a ƙarshen jirgin na riƙe igiya. Duna ya yi ta kai da kawowa a gaɓa yana kuka, da ya ga ina nisa sai ya faɗo. Da farko yana biye da mu sarai, kansa kawai ake gani. A tsakiya ruwan ya fizge shi gefe, igiyar ta miƙe, ta fara shaƙe shi. Na ga kansa ya nutse ya fito.

"Saki igiyar!" in ji mai kwale-kwale. "Kina kashe shi, kuma za ki ja mu!"

Ban iya ba. Wata Bafulatana da ke kusa da ni ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, igiyar ta tafi. Ruwa ya yi ƙasa da shi har ya sha kwana bayan wasu dogayen ciyayi. Muka isa gaɓa ba na ganin komai. Na bi bakin ruwa da gudu, taɓo ya cire mini takalmi ɗaya, ina kiran sunansa kamar mahaukaciya. Can ƙasa na same shi ya fito, yana tari, yana kakkaɓe jiki. Na zauna a taɓon nan na yi ta haki, matan nono suna tsaye suna jirana. Ashe 'yan rugar ne. Su suka raka ni.

Rabona da Baffa Gidado tun zaman makoki. Yayan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ina kiransa Baffa yadda Ummi take kiransa. Muna dosar bukkoki karnukan ruga suka taso mana, manya, jajaye. Duna ya tsaya, gashin bayansa ya miƙe. Kafin a haɗu Baffa ya fito ya daka musu tsawa ɗaya, suka koma. Ya ce mini, "Jaɓɓama," wato sannu da zuwa, ya tambayi Ummi, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Dutse ɗaya bayan ɗaya. Ƙaninsa kaɗai bai ambata ba. Mu a birni da an ga juna sai kuka da ambaton mamaci. Su kuwa abin da ya fi ciwo shi ake zagayewa. Karen ma sai da aka gama gaisuwa ya dube shi, ya ce, "Ya yi girman uwarsa."

Matarsa, Adda Hajjo, ta ba ni zani na canza, ta dama mini fura da kindirmo mai kauri wanda ludayi yake tsayawa a ciki. Na faɗa wa Baffa abin da ya kawo ni. Ya yi wasa da sandarsa a ƙasa.

"Zai zauna," ya ce. "Amma ba zan ɗaure shi ba. In na ɗaure shi, ranar da na kwance zai bi sawunki, ruwa ya ci shi ko mutanen gari su kashe shi. Sai dai ki taimake ni. Daga yanzu kada ki ba shi abinci, kada ki kira shi, kada ki dube shi. Ko ya zo gabanki, ba ki san shi ba."

Na ɗauka shinge da gorori da ruwa su ne wahalar tafiyar. Wannan yinin ya fi su duka. Ina zaune a tabarma ƙofar bukkar Adda Hajjo, Duna ya zo ya kwanta inda ya saba, dab da ƙafata. Na kau da kai. Ya zagayo ta inda na juya. Ya kaɗa jela. Ya ɗan yi kuka ƙasa-ƙasa, irin wanda yake yi in yana son a kula shi. Na kafa ido a kan ƙwaryar da Adda take gogewa har ƙwaryar ta zama biyu a idona. Baffa ya kawo masa dambu da nono da hannunsa, ya ƙi ci, yana kallona, yana jiran in ce ya ci. Adda Hajjo ta ce a hankali, "Shiga ciki, Rabi." Na shiga na toshe bakina da zani. Sai can da yamma na ji yana lasar kwano.

Da safe aka gama tatsa, aka kwance maruƙa, shanu suka fara fita. Na riga na ɗaure kayana. Duna yana tsaye a tsakiyar fili, tsakanina da garke, ya dubi nan ya dubi can. Baffa ya rataya sandarsa a kafaɗa, ya juya baya, ya yi fito.

Fiton Baban Ummi ne, sak, mai hawa sannan ya karye a ƙarshe. Da shi yake kiran Duna in ya dawo daga aiki, kuma ban sake jinsa ba tun da ya kwanta ciwo. Ban taɓa tunanin a ina ya koya ba. Ashe na gidansu ne, na ubansu.

Kunnuwan Duna suka miƙe. Ya zabura ya yi wajen Baffa, ya tsaya, ya shinshina ƙafarsa, ya zagaya shi yana neman wani. Sannan ya waiwayo ya dube ni. An ce kada in dube shi, amma na duba. Baffa ya sake yin fiton, wannan karon bai fita daidai ba, ya tsinke a tsakiya. Bai juyo ba, ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ya bi bayan shanunsa. Duna ya bi shi, da farko a hankali, daga baya da gudu, har ƙura da ƙafafun shanu suka rufe shi.

Adda Hajjo ta raka ni mashigi. A bakin ruwa ta miƙo mini ƙullin man shanu ta ce a kai wa Ummi.

Bas na samu daga Miga, na zauna a kujerar mata kamar kowa, ba mai kallona. Da muka tsaya a ƙauyen nan na leƙa na tambayi mai gyaɗa labarin yarinyar. Ba ta gane ni ba. Ta ce ubanta ya tafi da ita Jahun tun jiya a wata akori-kura, ba su dawo ba tukuna. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma har yau ina sa ta a addu'a.

Na iso Yalwawa bayan la'asar ranar Juma'a. Ummi tana zaune a dakalin Maman Fati. Ta dubi bayana kafin ta dube ni.

"Ya yi kuka?" ta tambaya.

"Ya yi jiya. Yau ya bi shanu da Baffa."

"Da kansa?"

"Da kansa."

Ta gyaɗa kai, ta karɓi ƙullin man shanun.

Washegari motar kaya ta zo. Aka fitar da gado, aka fitar da katifu da tukwane. Ina cikin lissafa abin da ya rage a ɗaki sai na ji ɗan dako yana tambaya daga zaure, "Hajiya, wannan tsohon kwanon fa? Duk ya lotse. A bar shi ko?"

Na leƙo. Kwanon Duna ne. An wanke shi tas da toka, an ɗora shi a kan akwatin Ummi. Tana tsaye a gefe tana kallon ƙasa.

Na ce, "Ɗora shi."